Yarinya ta gama sakandare a gida a Amurka: a buga mata katin sanarwa ko a bari?

Tambaya: "Muna zaune a Amurka. Tun daga aji 9 a gida muke karantar da 'yarmu, bana kuma za ta gama aji 12. Maƙwabtanmu da 'ya'yansu ke makarantar gwamnati har sun fara raba katin sanarwar kammala karatu. Mu ma ya dace mu buga mu aika wa mutane? Mahaifinta yana ganin abin kamar roƙon kyauta ne, ni kuma tsorona kada a tambaye ni wace makaranta ta gama."

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya wa karatun albarka. Ku buga, ku aika. Katin nan abu ɗaya yake faɗa, cewa wance ta gama karatun sakandare, kuma idan ta cika abin da dokar jiharku ta nema, maganar gaskiya ce a kanta kamar yadda take gaskiya a kan ɗan maƙwabcinku. Karatun gida halal ne a dokar duka jihohi 50 na Amurka tun 1993. Ni a ganina ma yaron gida ya fi na makaranta bukatar wannan kati, domin na makaranta za a kira sunansa a babban zaure, ya fito a littafin hotunan 'yan ajinsu, wani lokaci har jaridar gari ta buga sunayensu. Taku 'yar, in ba ku faɗa ba, kakanninta da malamin da ya koya mata lissafi ba su da hanyar sanin ranar ta zo.

Sai dai akwai abin da ya riga kati, kuma nan ne iyalai suka fi yin tuntuɓe.

Kafin ku biya maɗaba'a ko sisi, ku tabbata kammalawar ta zauna a takarda. A mafi yawan jihohi iyaye ne da kansu ke yanke cewa yaro ya gama, su sa hannu a takardar shaida, su kuma rubuta takardar sakamako mai ɗauke da jerin darussan aji 9 zuwa 12 da makin kowanne da ranar kammalawa. Amma dokar ba ɗaya ba ce ko'ina. A Teksas, tun hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke a 1994, ana ɗaukar karatun gida a matsayin makaranta mai zaman kanta, ba a ma bukatar iyaye su sanar da hukuma. A Fensilbaniya dokar 2014 ta amince da shaidar da iyaye suka bayar, da sharaɗin mai tantancewar da ya duba aikin yaron na aji 12 ya sa hannu a kai, kuma jihar ta ƙayyade darussa: shekara 4 na Turanci, 3 na lissafi, 3 na kimiyya, 3 na ilimin zamantakewa, 2 na fasaha da adabi. Niyok ta fi tsanani. Iyaye suna miƙa tsarin karatu kowace shekara da rahoto sau huɗu, kuma duk da haka jihar ba ta ba yaron gida shaidarta. Abin da ake nema can shi ne wasiƙa daga shugaban gundumar makarantu mai cewa karatun yaron ya yi daidai da na sakandare, ko ya ci jarrabawar GED mai tsayawa a madadin shaidar gama sakandare, ko ya tara kiredit 24 na kwaleji, wato awon yawan darussan da ya ci a can, a darussan da aka ƙayyade. Idan a Niyok kuke, ku nemi wasiƙar nan tun kafin shekarar karatu ta rufe, domin neman ta bayan an daɗe wahala ce. Idan kuma kuna ƙarƙashin wata makaranta da ke yi wa masu karatun gida inuwa, irin wadda ta yawaita a Tenesi da Alabama, ku tambaye su ko su ne za su ba da shaidar, da kuma ranar da za su rubuta.

Ranar nan ki kula da ita sosai. Makarantar gida ba ta da ranar yaye ɗalibai sai wadda kuka tsayar, to ku tsayar da guda ɗaya, ita za ta hau takardar shaida, ita za ta hau takardar sakamako, ita za ta hau kati. Kwalejin da ta ba yarinya gurbi za ta nemi takardar sakamako ta ƙarshe mai ranar kammalawa, kuma a fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya yarinyar za ta nuna cewa a gida ta gama. Kati ba takardar hukuma ba ne, amma shi ke sa iyaye gaggawar zaɓen rana ba tare da lissafi ba. Misali, idan yarinyar tana ɗaukar wasu darussa a kwalejin shekara biyu a matsayin 'yar sakandare, kyauta ko da rangwame, wannan damar tana ƙarewa ne da zarar kun ce ta gama. Darussan kwaleji da ta ɗauka bayan ranar kammalawa kuma suna iya sa wata jami'a ta daina kallonta a matsayin sabuwar ɗaliba, ta rasa guraben tallafin da aka ware wa 'yan shekarar farko. Don haka a fara duba waɗannan, sannan a tsayar da rana, sannan a buga.

Yanzu damuwar mahaifinta. Tana da tushe, kuma maganinta yana cikin bambance kati biyu da mutane ke haɗawa. Akwai katin gayyata, wanda ke cewa ku zo wuri kaza ranar kaza. Akwai katin sanarwa, wanda labari kawai yake kaiwa. A ladabin Amurkawa, wanda aka aika wa sanarwa babu nauyin kyauta a kansa. Ya kira waya ko ya aiko da katin taya murna, ya fita kunya. Wanda aka gayyata liyafa kuma ya je, shi ne aka saba ya riƙo wani abu. Abin da ke mayar da sanarwa roƙo abu uku ne: a aika wa wanda bai san yarinyar ba, a saka lambar asusu ko hanyar turo kuɗi ta waya ko jerin kayan da take so, ko a aika da wuri sosai kafin ranar ba tare da gayyata ba, har mai karɓa ya rasa me ake nufi da shi. Ku kauce wa waɗannan ukun, zancen roƙo ya mutu. In har yanzu zuciyar maigida ba ta kwanta ba, a ƙara layi ɗaya da ƙananan haruffa a ƙasa cewa ba a bukatar kyauta, addu'a ta wadatar. Wannan ba baƙon abu ba ne a katunan Amurka, kuma waɗanda suka yi niyyar bayarwa za su bayar duk da haka.

Wa za a aika wa? Awon da nake ba iyaye shi ne, mutumin nan in ya ga sunan yarinyar a kati, zai gane ta ba tare da an ce masa 'yar wane ce ba? In eh, yana cikin jeri. Kakanni, baffanni da gwaggwanni, kawunnai da innoni, aminan gida, maƙwabtan da suka ga girmanta. Sai rukunin da masu karatun gida suka fi kowa da shi kuma aka fi mantawa da su: malamar da ta koya mata kimiyya a ƙungiyar iyaye masu haɗa gwiwa, mai koyar da wasanni, ma'aikaciyar ɗakin karatu da ta shekara tana nemo mata littattafai, malamin Islamiyya, wanda ya rubuta mata wasiƙar shaida zuwa kwaleji, mai shagon da ta yi aikin hutu. Waɗannan a haɗa musu da layi biyu na godiya da hannun yarinyar. Abokan aikin mahaifi da ba su taɓa ganinta ba, da dangin da aka shekara goma ba a gaisa ba, a bar su. Ana ƙirga gida ne, ba kai ba: gida ɗaya kati ɗaya. Yawancin iyalai in sun yi wannan tankaɗen za su ga kati 25 zuwa 50 ya ishe su. Ku ƙara 10 a kai saboda ambulan da zai lalace, da sunan da za a tuna daga baya, da wanda za ku ajiye tare da takardar shaidarta. Sake buga guda biyar daga baya ya fi tsada a kan kowane kati fiye da ƙara su tun farko.

Akwai dangin da tun farko suka soki karatun gida, suka ce za ku lalata yarinya. Su ma a aika musu irin katin kowa, kada a ƙara musu wata magana ta nuna an yi nasara. Cire su daga jeri zai buɗe tsohon ciwo, cusa musu magana kuma zai mayar da ranar yarinya filin ramuwar gayya.

Batun wace makaranta ta gama, amsarsa a rubuta gaskiya ƙarara. Hanya uku ce. Ko a rubuta cewa ta kammala karatun sakandare a gida. Ko a sa sunan makarantar gidanku in kuna da shi: a Karolina ta Arewa dole ne ma a raɗa wa makarantar gida suna lokacin yi mata rajista, a Kalifoniya kuma iyalai da yawa suna cike takardar makaranta mai zaman kanta tsakanin 1 da 15 ga Oktoba kowace shekara, da sunan da suka zaɓa. Ko a sa sunan makarantar da ke yi muku inuwa, in ita ta ba da shaidar. Duk sunan da kuka sa, ya zama shi ne a takardar sakamako harafi da harafi. Abin da ba a yi shi ne ɗaukar suna ko tambari ko launin makarantar gwamnatin unguwarku, ko da yarinyar tana buga musu ƙwallo ko ta ɗauki darasi ɗaya can. Ba su suka yaye ta ba, kuma wanda ya gano zai fara shakkar sauran abin da ke katin. Haka nan kada a rubuta cewa ita ce ta ɗaya a aji, ko a ƙirƙiro mata lambar girma. In tana da abin da wata hukuma ta waje ta ba ta, kamar tallafin karatu daga kwaleji, ko shaidar kammala kwalejin shekara biyu da ta haɗa da sakandare, ko saukar Alƙur'ani, wannan a sa shi da alfahari.

Ga yadda rubutun zai iya zama, a juya shi zuwa Turanci don maƙwabta:

"Iyalan Malam wane suna farin cikin sanar da ku cewa 'yarsu wance ta kammala karatun sakandare a gida ranar kaza ga watan Yuni, shekara kaza. Za ta fara karatun jinya a kwaleji kaza a watan Agusta. Muna neman addu'arku."

Layin abin da za ta yi nan gaba ba dole ba ne. In ba ta yanke ba, ko za ta koyi sana'a, ko za ta huta shekara guda, a bar shi ko a faɗe shi yadda yake. In kwaleji za a ambata, a jira ta karɓi gurbin ta biya kuɗin kama wuri, wanda a jami'o'i da yawa wa'adinsa 1 ga Mayu ne. Yara suna sauya ra'ayi a watan Afrilu in takardun tallafi suka iso, sai a wayi gari da kati hamsin ɗauke da sunan jami'ar da ba za a je ba.

Lokacin aikawa ya danganta da wane kati ne. Gayyata tana fita sati uku zuwa huɗu kafin taro, sati shida ga wanda zai hau jirgi. Sanarwa zalla tana fita daga ranar kammalawa zuwa sati biyu bayanta, in ta kai wata guda ma ba laifi. In za a yi liyafa amma ba kowa za a gayyata ba, a buga sanarwa iri ɗaya ga kowa, a saka ƙaramar takardar gayyata a ambulan ɗin waɗanda ake so su zo. Wannan ya fi buga kati iri biyu sauƙi, kuma yana hana wani ya zaci an gayyace shi. Idan kuna son yarinyar ta sa riga da hula ta hau dandamali, ƙungiyoyin masu karatun gida na jihohi suna shirya bikin yaye ɗalibai na haɗin gwiwa, irin FPEA a Filorida da HEAV a Bajiniya, inda galibi iyaye ne ke miƙa wa ɗansu takardar a gaban jama'a. Rajistarsu tana rufewa tun da saura, kuma wasu suna ƙayyade yawan baƙi, to kada a gayyaci kowa sai an san kujeru nawa aka ba ku. Lissafin baya-baya kenan: hoto a watan Maris ko Afrilu, a ba da bugu sati shida kafin ranar aikawa, a bar sati guda don rubuta adireshi.

Yaran makaranta suna yin odar katinsu ta kamfanonin da makarantar ta ƙulla da su, irin Jostens da Herff Jones. Ku kuna da 'yancin zaɓi: kamfanonin buga kati na intanet irin Shutterfly da Minted, wurin wanke hoto na shagunan Walgreens, ko ku tsara a manhajar Canva ku kai maɗaba'ar unguwa. Girman da ya fi sauƙi shi ne inci 5 da 7, mai shiga ambulan ɗin da ake kira A7. Ku nemi a nuna muku samfur kafin a buga duka, mutum biyu su karanta shi daban-daban, su duba rubutun suna da shekara da rana. Ga masu suna da ƙ ko ɗ ko ɓ, ko za a sa layin Hausa ko na Larabci, ku duba samfurin da idon basira, domin yawancin salon haruffan ado ba su da waɗannan baƙaƙe. Sai ki ga ƙ ta fito ƙaramin akwati fanko, ko ta fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma, Larabci kuma haruffansa su rarrabu su juya baya. Maganinsa a sauya salon haruffa, ko a mayar da layin hoto kafin a ɗora shi.

A gidan waya, kan sarki ɗaya na wasiƙa yana ɗaukar nauyin oza ɗaya, wato kusan giram 28. Kati mai kauri da hoto da ambulan biyu yana iya wuce haka. Ambulan mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ko mai tauri, ko mai ƙulli da kintinkiri, injin tantance wasiƙu ba ya iya sarrafa shi, don haka ana cajin ƙari. Ki haɗa guda ɗaya cikakke, ki liƙe, ki kai a auna miki kafin ki sayi kan sarki na sauran. Adireshi a rubuta da baƙin alƙalami a kan ambulan mai haske, domin ruwan zinariya a kan baƙin ambulan yana da kyau a ido amma inji yana wahalar karanta shi. A sa adireshinku a kusurwar hagu ta sama don wanda bai isa ba ya dawo muku.

Dangi na gida, Kano ne ko Damagaram ko Kumasi, hukuncinsu daban ne, kuma a nan zan fi ja miki kunne. Babba a wurinmu ba a sanar da shi abin alheri da takarda kawai. Kaka da baffa a kira su, yarinyar ta gaishe su da bakinta ta faɗa musu, su sa mata albarka, sannan kati ya biyo baya, ta hannun matafiyi ko hotonsa ta WhatsApp. In an zaɓi gidan waya, akwai kan sarkin ƙasashen waje da ake kira Global Forever, guda ɗaya yana kai wasiƙar oza ɗaya kusan kowace ƙasa, sai dai kada a dogara da shi ga abin da ke da rana. Ki kuma tuna cewa kati a wurinmu yana tafiya da biki, biki kuma yana tafiya da gudunmawa, don haka layin nan na addu'a kawai muke nema ya fi muhimmanci a kwafin gida fiye da na Amurka. Kada a ɗora wa wanda ke fama da cefane nauyin neman abin da zai aiko ƙasar waje.

Kalmomi biyu suna rikita 'yan gida. Abin da Amurkawa ke kira difloma a matakin nan shaidar gama sakandare ce, alhali a Najeriya difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha ce. A kwafin Hausa a rubuta kammala sakandare, a bar kalmar difloma. Kiredit kuma a sakandaren Amurka awon darasi ne, kusan darasi ɗaya na shekara guda, wanda asalin ma'auninsa awa 120 ne, ba makin jarrabawa ba. Wannan ya kawo wata magana da ta fi kati nauyi: in akwai niyyar yarinyar ta yi jami'a a Najeriya, can ana neman kiredit biyar na jarrabawar kammala sakandare irin WAEC ko NECO, har da Turanci, tare da JAMB. Kada ku ɗauka shaidar da iyaye suka sa wa hannu za ta tsaya a madadinsu. Ku tuntuɓi jami'ar tun yanzu ku ji abin da za ta karɓa.

Hoto ba sharaɗi ba ne. Iyalai da yawa ba sa son hoton 'yarsu budurwa yana yawo a wayoyi, kuma kati mai rubutu zalla da ɗan ado ya wadatar, shi ne ma tsohon salon. In za a sa a Facebook ko a zauren WhatsApp mai mutane ɗari, a yi kwafi na daban da babu adireshin gida, babu ranar haihuwa, babu lokaci da wurin liyafa.

Duk wannan kuma sai da yardar mai abin. Shekararta 17 ko 18, sunanta ne da fuskarta. Wasu yaran gida suna ɗokin katin domin shi ne abu na farko da suka yi iri ɗaya da tsaransu, wasu kuma kunya ce ke kama su. Ki zaunar da ita ki tambaye ta. In ta ce ba ta son taro, a yi kati goma sha biyar na kakanni da malamai, a ci abinci a gida. In ta ce ba ta son kati sam, a yi kiran waya, amma takardar shaida da ta sakamako dole a kammala su a adana kwafi da yawa, na takarda da na kwamfuta, domin babu ofishin makarantar da za ta koma nema bayan shekara ashirin sai ku.

Bayan kati ya fita, kyaututtuka za su shigo ko an ce ba a so. A ajiye littafi ɗaya a rubuta sunan kowa da abin da ya aiko ranar da ya iso, kafin ambulan su cakuɗe. Yarinyar ce za ta rubuta godiya da hannunta cikin sati biyu zuwa uku, ta ambaci abin da aka ba ta da abin da za ta yi da shi, in kuɗi ne ta ce na littattafai ne ko na kayan ɗakin kwana a kwaleji, ba sai ta faɗi adadi ba. Cek a kai banki da wuri, domin tsofaffi suna duba asusunsu su ga ko ya isa. Na gida da suka aiko da turare ko atamfa ta hannun matafiyi, su kuma a kira su ranar da saƙon ya shigo hannu.